Kos Ba Ya Ba da Sayin Haka Nan

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Tela ne ke rubuta mini, amma maganar tawa ce, na hana shi gyara ko kalma.

Yayarka har yanzu shiru. Tun faɗuwar da ta yi a aji tana kwance a asibiti, bakinta ya karkace, idonta kan silin ɗaki. Likita ya ce in wata ya ƙare ba ta furta komai ba, za su daina koya mata magana, su ba wani gadon. Ya ce a yi mata zancen abin da ta fi sani. To me ta fi sani? Lissafi. Ban taɓa shiga aji ba, amma shekara da shekaru ina zaune bakin ƙofa tana bita da ɗalibanta a falo, duk yana kaina. Kullum ina karanta mata: sayin ya ba da kos, kos ya ba da sayin, tan ya ba da sek sau sek. Sai ta kau da kai, hawaye na zuba. Auta, ƙarfina ya kusa ƙarewa. Ka zo.

Mahaifinka.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Sun hana ni hutu sai wata mai zuwa. Don Allah ka bar karatun nan, wahalar da ita kake yi. Lissafi ne na yadda abu ke canjawa, ba waƙa ba ce. Kuma ka bar wani abu: kos ba ya ba da sayin haka nan, sai da alamar ɗebewa a gaba. Yaya kan mayar wa ɗalibi da takardarsa a kan wannan kaɗai. Allah ya ba ta lafiya.

Ɗanka.

Auta,

Gaisuwa. Ni za ka gyara wa? Ni da na riƙe sunan kakanninku har bakwai? Kana goye nake jin karatun nan. Babu wata ɗebewa. Nas ma ta ce in yi shiru, na ce ta kira mai gadi ya ɗauke ni da kujerar. Jiya sun zo duba gadon, har da mai jiransa. Na ƙara murya. In yayarka ba ta so, ta buɗe baki ta hana ni.

Mahaifinka.

Auta,

Gaisuwa a gurguje. Yau ina cewa kos ya ba da sayin, yayarka ta damƙe hannuna da hannunta mai lafiyar, har farce ya shiga. Ta yi ta kokawa da harshe, ta ce, “Ɗe... ɗebewa!” Likita ya ji da kunnensa. Sun bar mata gadon.

Ba ta ce Baba ba tukuna. Ka aiko mini da na kosek da na kot, daidai yadda suke, in san inda zan ɓata.

Mahaifinka.