Kowa Ya Gaishe Ni a Waya Sai Na Amsa, Dashena Kuwa Na Bushewa

Malama Rauda, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ruwan farko ya sauka, domin idan damina ta kankama ban gyara ba, sai dai kuma baɗi.

Amma bari in fara da murna, don ita ta fi yawa. Na yi jika! Matar ɗana Andrawus, sunanta Roseline, ta sauka lafiya bayan shekarun da muka yi muna roƙon Allah. Mace ce, an sa mata Rejoice, hancinta irin nawa ne sak, ko da yake kakarta tana musu. Ranar da aka kai ta coci na yi rawar da gwiwoyina ba su yafe mini ba har yau.

Murna ta biyu ita ce sana'ata. Ina renon itatuwa a Nukkai da ke Jalingo, kusa da bakin kogi: mangwaro, lemo, kashu, gwaba da gwanda. Mangwaron da lemon aure nake yi musu, wato in yanko reshen iri mai kyau in haɗa shi da ƙaramin dashe, in ɗaure da leda har su kama juna. Na daɗe ina wannan aiki ba wanda ya san ni sai mai wucewa ta gaban rumfata. Wata daminar sai in ga rabin dashen ya girma a cikin leda, saiwa ta huda ƙasa, ba mai saye.

Bara, da cikin Roseline ya yi nauyi likita ya ce ta huta da zuwa shago, sai ta riƙa zuwa tana zama a inuwar rumfata. Ita ta ce bari ta buɗe mini Wasap na sana'a da shafin Fesbuk. Wata rana ta ɗauke ni a hoto mai motsi ina yi wa mangwaro aure, sai ga akuyar maƙwabci ta shigo ta kama cin ganyen kashu, na juya na yi mata faɗa da Hausa da yarenmu gaba ɗaya. Roseline ta saka shi a haka. Malama, abin ya yi tafiya! Wani Alhaji Hammanjoda daga Mutum Biyu ya gani, ya kira ni, ya zo da a-kori-kura ya kwashe mangwaron da nake da shi kaf don gonarsa. Wata makaranta ta sayi lemo ta kewaye filinta. Har daga Yola da Wukari aka riƙa cewa in kai tasha in ba direba. Karo na farko a rayuwata, damina ba ta raba ba rumfata ta zama fayau. Na sake rufin gidana, na sayi injin jan ruwa daga kogi, na huta da ɗaukar jarka a kafaɗa. Mutanen da a da suke ce mini tsoho mai wasa da ƙasa yanzu su ne suke tsayawa su tambaye ni ko ina neman mai taya ni.

To ga inda matsalar take. Da abin ya karɓu, Andrawus ya je wani taron koyar da 'yan kasuwa, ya dawo da zafinsa. Ya ce an gaya musu duk sana'ar da ba ta bayyana a ko'ina kullum mutuwa za ta yi, wai mutane suna mantuwa da wuri. Sai aka ƙara mini Instagiram, da Tiktok, da Yutub, yanzu ma yana maganar wani kuma da ban riƙe sunansa ba. Lokacin da Roseline take riƙe da wayar ban ji nauyin ba. Da ta haihu, ta shiga jego, sai wayar ta dawo hannuna. Andrawus kuwa ma'aikacin asibiti ne, ya fita da safe sai yamma, abin da yake iya yi kawai shi ne ya tambaye ni ko na saka wani abu yau.

Ni ban yi makaranta ina yaro ba. Sai da na haura hamsin na shiga ajin yamma na manya a Abbare, a can na koyi karatu da rubutu, kuma ina alfahari da hakan. Amma rubutuna a waya da yatsa ɗaya ne, ina yi ina goge kuskure, tabarau a kan hanci. Kuma ni yadda aka rene ni, idan mutum ya gaishe ka ba ka amsa ba, ka wulaƙanta shi. Don haka duk wanda ya rubuta mini sannu Baba, ko Allah ya ƙara lafiya, sai na tsaya na amsa masa yadda ya kamata: in tambayi gidansa, da aikinsa, da yara, da gajiya, in yi masa addu'a. Har waɗanda suka danna hoton zuciya kawai, ina bin sunayensu ɗaya bayan ɗaya ina yi musu godiya. Wasu su rubuto da Fulatanci, sai in tsallaka wurin maƙwabcina ya fassara mini. Wasu da Turanci, in ajiye sai Andrawus ya dawo. Kafin in gama da na Fesbuk, na Tiktok sun taru kamar ranar kasuwa. Su mutanen Tiktok ɗin ma ba dashe ne ya dame su ba, kullum tambayarsu ina akuya. Har wani ya ce in sake yi mata faɗa zai turo mini kati. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ya sayi ko gwanda ba, amma dai sun gaishe ni, yaya zan yi? Masu saye na gaskiya, na lura, ƙarshenta kira suke yi ko su turo murya ta Wasap, kuma yawancinsu cewa suke a Fesbuk suka gan ni ko wani ya ba su lambata.

Ga zafin da ake yi a Jalingo yanzu, dashe yana son ruwa safe da yamma ba fashi. Sau da yawa nakan kunna inji in zauna amsa gaisuwa, in ɗaga kai in ga ruwa ya malale a layi ɗaya, sauran suna ta yaushi. Makon jiya na duba layin mangwaron da na fi ji da shi, wanda Alhaji Hammanjoda ya ce in tanadar masa bana, na tarar ban kwance ledar ɗaurin a kan lokaci ba, ta shaƙe reshen, da yawa sun bushe. Tun da nake ban taɓa yin irin wannan sakaci ba. Akwai sauran lokacin da zan sake yin wasu su kama kafin ya zo, amma sai idan hannuwana biyu suna kan aiki. In na ci gaba a haka, zai zo da motarsa ya koma da ita wayam, ni kuma sunan da na samu ya zube.

Matata ta ce in jefa wayar a kogi. Ta ce an miƙo mini jika na karɓe ta da hannu ɗaya saboda ɗayan yana riƙe da waya, kuma gaskiya ta faɗa. Amma ina tsoron abu uku. Roseline da ciki a gaba ta zauna ta gina waɗannan shafuka, ita ce sanadin duk wannan alheri. Idan na rufe, ba za ta ga kamar na raina wahalarta ba? Sannan mutanen nan da suka ɗauke ni kamar kakansu, in wayi gari in yi musu shiru? Kuma idan maganar Andrawus gaskiya ce, aka manta da ni, na koma zaman jiran mai wucewa?

Ki gafarce ni na cika ki da surutu, farin ciki ne ya yi mini yawa har ya zama kaya.

Tsohon Bakin Kogi, Nukkai

AMSA

Baba, barka da arziki, Allah ya raya Rejoice. Na daɗe ban karanta wasiƙar da ta sa ni murmushi irin taka ba. Yawancin masu rubuto mini kukansu ba ciniki, kai kuwa naka kukan masoya sun yi yawa. Ka ci nasara, abin da ya rage shi ne kada nasarar ta cinye aikin da ya kawo ta.

Andrawus bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Ba don an nuna ka a waya ba, da Alhaji Hammanjoda bai san da kai ba, don haka batun jefa ta a kogi a bar shi, ka ba Mama haƙuri. Amma maganar a bayyana a ko'ina kullum an yi ta ne don masu ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan. Kai mutum ɗaya ne, kayanka kuma masu rai ne, ba sa jira. Mai sayen dashe ba ya mantuwa da wanda ya sayar masa da itacen da ya kama. Abin da zai sa a manta da kai shi ne layin da ya bushe.

Amsar tana cikin wasiƙarka: a Fesbuk ake ganinka, a Wasap ake saye. Ka riƙe waɗannan biyun. Sauran kada ka goge su, a rubuta a saman kowanne cewa mai son dashe ya kira wannan lamba, sannan a cire su daga wayarka don su daina yi maka ƙara a aljihu. Idan Andrawus yana ganin Tiktok na da amfani, ya ɗauke shi a tasa wayar, ya zo ranar hutunsa ya ɗauki hoton da kansa. In ya riƙe shi wata guda bai gaji ba, to madalla.

Batun gaisuwa shi ne ainihin damuwarka, kuma ba zan ce ka daina ladabi ba, domin shi ne ya sa suke son ka. Amma ka tuna yadda ake yi a taron biki. Idan jama'a sun cika fili, mai gida ba ya bin kujera-kujera yana tambayar kowa lafiyar yaransa. Tashi yake ya yi godiya sau ɗaya da murya mai ƙarfi, kowa ya tafi yana jin an girmama shi. Shafinka taro ne, ba zauren gidanka ba. Sau ɗaya a mako, ka tsaya a cikin dashenka a ɗauke ka kana gaishe su duka, ka tambayi gidajensu, ka yi musu addu'a, ka nuna abin da ya isa dasawa. Wanda ya danna hoton zuciya ba ya jiran amsa, shi kansa ya wuce tun kafin ka sa tabarau. Cikakkiyar gaisuwa ka ajiye ta don wanda ya kira ko ya zo. A Wasap kuma ka riƙa tura murya maimakon rubutu, bakinka ya fi yatsanka sauri.

Wayar kada ta shiga rumfa lokacin ban ruwa. Ka bar ta a gida, ka duba ta da rana idan ka zauna hutawa. Mai son mangwaro da gaske zai jira ka gama.

Roseline kuwa, kada ta ji labarin a bakin wani. Ka je da kanka, ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, cewa ita ce sanadin rufin gidanka da injinka, sannan ka nuna mata layin da ya bushe. Ka nemi ta zaɓa tare da kai abin da za a riƙe. Macen da take fama da jaririya ta fi kowa sanin cewa hannu biyu ba sa iya ɗaukar duk kaya a lokaci guda. Ina kyautata zaton ita ce za ta fara ce maka a rage.

Yau ɗin nan ka kira Alhaji Hammanjoda ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru da lokacin da sababbin za su isa ɗauka. Gobe da sassafe ka ɗauki wuƙarka da ledarka ka koma aiki.

Allah ya kawo damina mai albarka, ya sa duk abin da ka ɗaura ya kama, ya ƙara wa gwiwoyinka lafiya don akwai sauran rawa a gaba. Kuma Baba, kada ka zauna rubuto mini wasiƙar godiya. Na riga na amsa: gida lafiya, aiki da godiya, yara suna gaishe ka.

Malama Rauda