Fitsari Ya Hana Ni Ganin Jikana

Goggo mai shawara, don Allah ki agaza mini. Shekarata hamsin da shida, a Boɗinga nake. Shekara biyu ke nan fitsari ba ya yi mini sallama. In ya taso, kafin in ɗauki buta ya riga ni. Ruwa ma na rage sha.

Ɗiyata ta fari tana aure a Shagari. Ta haihu, an yi suna, ban je ba, don ba zan iya ce wa direba ya tsaya a gaban maza ba. Yaron har ya fara rarrafe, a waya kawai nake ganinsa. Wallahi ina marmarin in goya shi in ji ɗuminsa a bayana. Na ji tana cewa na yar da ita. To ni da ko sunanta ba na faɗa, da wane baki zan gaya mata wannan?

Ƙwayoyin maganin da aka ba ni sun busar mini da baki. Yanzu likita a Sakkwato ya ce akwai na'urar da ake sa siririyar allurarta kusa da idon sawu, ta riƙa motsa jijiyar mafitsara da ɗan lantarki. Ni lantarki tsoro yake ba ni. In yarda?

Mai Marmari, Boɗinga

Hajiya, sannu. Wannan ciwo ne, ba ƙazanta ba, kuma masu shi suna da yawa. Lantarkin bai wuce ɗan tsikari a ƙafa ba. Akan yi rabin awa sau ɗaya a mako, wajen wata uku. Da yawa sun samu sauƙi, wasu ba su samu ba, don haka ki tambayi likitan ko ta dace da jikinki, a kuma duba sukari. Ki koma shan ruwa, shayi za ki rage.

Amma kada ki jira na'ura. Ki sa audugar manya mai tsotse fitsari, ki zaga kafin mota ta tashi, Shagari ba Makka ba ce. Kunyar ɗiyar fari ado ce, na yarda, sai dai iyayenmu da suka yi ta, aike suke yi. Ki tura wata ƙanwarki ta gaya wa ɗiyar taki gaskiya cikin makon nan. Yaro ba ya jiran kowa, in ya tashi da gudu ya wuce goyo.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya mana shi.