Ina Ja wa Makarantar Likitanci Aji

Anti, don Allah ki taimake ni, na kasa gaya wa kowa a gida.

Shekarata sha bakwai. Tun ina ƙarama nake hango kaina cikin farar riga, ina ratsa barandar asibiti a hankali, iska na kaɗa mayafina. Wata biyu ke nan da makarantar likitanci ta fara karɓar takardu. Na cike komai, sakamakona ya yi kyau, hoton ma sau shida ina sakewa. Turawa ce kawai ban yi ba.

Ni dai a littattafan soyayyar da nake karantawa, duk wadda ta amsa da wuri ba ta da daraja. Sai an yi ta sintiri, an rame, sannan take ɗago ido. Shi ne na ce bari in ja musu aji, in tura ranar rufewa, tawa ta shigo ƙarshe kowa ya waiwayo. To ga ƙawata, wadda ni nake koya wa lissafi, ta tura ranar farko, jiya har an kira ta ganawa. Mama kuwa ta gama gaya wa dangi na tura, kunya ta hana ni gyara mata. Saura kwana tara. Anti, ko sun fara jin rashina?

Mai Jira Bakin Taga

Ɗiyata, ba su fara ba. Ba su ma san an haife ki ba.

Mai buɗe takardun nan ma'aikaci ne mai ciwon baya da tulin fayil a gabansa, ba ya ramewa don kowa. Makarantu da yawa suna duba takardu ne yadda suke shigowa, suna raba gurbin ganawa tun kafin a rufe. Mai zuwa ƙarshe ragowar kujeru take tararwa, ga cunkoso. Ranar rufewa kuma shafinsu na intanet ma yakan ƙi buɗewa.

Ban ce garaje abin kirki ba ne. Da takardarki da kuskure, da na ce ki tsaya ki gyara. Amma taki ta kammala. Ina zargin tsoro kike kada su ce a'a, shi ne kika sa masa suna aji. Suna iya cewa a'ar, kuma ba za ki mutu ba, sai ki sake nema baɗi tun ranar farko.

Yau ɗin nan ki gaya wa Mama gaskiya, ki sha faɗan, ta zauna kusa da ke ki tura. Allah ya sa ki samu gurbi, ya ba ki sa'ar ganawa.

Antinki