Kwanon Hajiya Rabi

Laraba, 24 ga Disamba, Mount Hope

Har yanzu raina a ɓace yake. Bayan sujada Mama Ladi, shugabar zumuntar mata, ta tare ni a bakin coci. Wai ta ji wa'azi cewa Kirsimeti bikin gunkin rana ne na Romawan da, duk wadda ta ɗora tukunya gobe aljanu ta dafa wa.

Na ce, "Mama, uwata ba ta san Romawa ba, Yesu ta sani."

Maƙwabciyata Hajiya Rabi ta aiko min naman layya, kwanonta yana nan, kuma a gidanmu ba a mayar da kwano haka nan. Na riga na soya kaji. Gobe da shinkafa zai koma.

In gunkin yana da rabo a ciki, ya zo ya taya ni wanke-wanke.