Tuban Baba Clement

Bowie, Maryland, Amurka
Yuni, 2004

Yaya Mutawakilu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, bayana ne kawai ke ɗan gardama saboda ɗaga majinyaci, amma kada ka faɗa mata.

Albishirinka! Tsohon da nake jinya, Baba Clement, ya farfaɗo. Kwanakin baya ya daina cin abinci, ya daina magana, har jikokinsa sun shirya kai shi gidan tsofaffi, ni kuma aikina ya ƙare ke nan. Rannan sai ya riƙe hannuna yana cewa, "Tuba, tuba." Na fashe da kuka, na zauna ina ta yi masa istigfari. Da na gaya wa jikarsa Denise, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe tuba sunan wani jibgegen ƙahon tagulla ne! Shi ya riƙa busawa a kiɗan jaz tun yana saurayi, kafin ya koma kan wani goge da ya fi mutum tsayi.

Na matsa sai da aka ciro ƙahon daga gareji. Yaya, ɗan shekara casa'in da shida ya busa, tagogi suka amsa, maƙwabta suka fito suna tafi! Ranar tas ya cinye tuwona. Yanzu ba inda za a kai shi.

A aiko min da yaji da man zafi. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ka ce mata na roƙa wa tsoho tuba ya samu, kuma ba irin na muzuru ba.

Ƙanwarka,
Tayyiba