Jif ɗin Baba Ta Yi Tsayi

Salmon, Idaho, watan Yuni

Zuwa ga Baffa Merle,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya zafin Elko? Na san waya ba ta yi maka amfani tunda kunnen nan ya yi nauyi, shi ya sa na ɗauki biro.

Baffa, yayanka Baba ba ya fita. Tunda aka yi masa aikin ƙugu sai zaman baranda. Likita ta ce ƙashin ya warke, zuciyar ce ta kwanta. Abu ɗaya yake ambata, tafkin nan na bayan dutse inda kuke kamun kifi. Na gwada hanyar ni kaɗai a tsohuwar jif ɗinsa, amma ruwan ƙanƙarar da ta narke ya ƙwaƙule ta, cikin motar sai dukan duwatsu yake, dole na juyo. Sifirin ɗin ma sun gaji, ta zauna kamar kaza a kan ƙwai.

Na sayi zobban ƙarfen nan da ake ɗorawa a saman sifirin don ɗaga mota, masu kaurin inci biyu. Kai ne bakanike, gaya mini abin da zan kiyaye.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Shawna

Elko, Nevada

Shawna 'yata,

Saƙonki ya iso, ina lafiya, sai gwiwa. Ki gaishe da tsohon.

Ki jiƙa notocin da mai tun kafin ranar, don tsatsarsu ta girme ki. Kada ki shiga ƙarƙashinta tana kan jak kawai, ki kafa mata ƙafafun ƙarfe. Sifirin in an matse shi ba ya da ɗan'uwa, ki kawar da fuskarki. In kin gama ki duba tiyon birki, kada ya ja ya yi tauri, sannan ki kai a daidaita mata tayoyin gaba. A kwana ki rage gudu, mota mai tsayi ba ta son wasa.

Kuma ki bar shi ya riƙa ba ki umarni. Ko da ya faɗi abin da ba daidai ba, ki ce to, ki yi naki.

Baffanki, Merle

Salmon, watan Yuli

Baffa,

Ina gaisuwa. An gama! Baba ya jawo kujera bakin gareji yana ta faɗa. "Ke, wa ya koya miki riƙe sifana haka? Merle ko? Ai na sani!" Rabon da in ji dariyarsa irin ta ranar har na manta. Da na sauke ta daga jak ya zagaya ta da sandarsa, ya dafa bonet ya ce ta koma budurwa.

Amma ranar Asabar na haɗa burodi da nama da kofi, na ɗauko ƙugiyoyin, sai ya ce ba ya jin zuwa. Asabar ta gaba ya ce sauro. Jiya ya ce tafki ai tafki ne, ya gani ya ƙoshi. Wallahi Baffa abin ya yi mini ciwo. Hannuna har yanzu duk ƙujewa. Me na yi masa?

'Yarka, Shawna

Elko

Shawna,

Gaisuwa. Ba ki yi masa komai ba. Tambaya ɗaya zan yi miki: tunda kika sauke ta daga jak, kin taɓa ganinsa a cikinta? Kada ki tambaye shi. Ki dai sa ido.

Merle

Salmon, watan Agusta

Baffa,

Ina fatan kana lafiya. Na sa ido, na gani.

Da safe ina wanke-wanke, ya ɗauka na tafi aiki. Ta tagar kicin na ga ya buɗe ƙofar jif, ya jingine sanda, ya kama sitiyari da hannu ɗaya. Ya ɗaga ƙafa, ba ta kai ba. Ya sake, ba ta kai ba. Ya daɗe a tsaye goshinsa a jikin ƙofar. Daga nan ya rufe ta a hankali, ya sa hannun riga ya goge shatin yatsunsa.

Na kasa bin shawararka. Washegari da muka zauna karyawa na ce, "Baba, in cire zobban?"

Ya ajiye cokali. "In kin cire sai mu je ina? Kanti?"

"To in ɗaga ka."

"Ranar da kika ɗaga ni, ki wuce da ni maƙabarta kai tsaye."

Na ɗaga motar don ta kai shi, ga shi ita ce ta hana shi. Ban san yadda zan yi ba.

'Yarka, Shawna

Salmon

Merle,

Ina gaisuwa. Ka daina koya wa 'yata leƙe ta taga.

Mun je. Na sa ta cire katako biyu daga shingen baranda, ta raɓo da jif ɗin har jikinta. Tunda barandar tana da tudu, daga can ba hawa zan yi ba, zama kawai zan yi. Cikin motar bai taɓa dutse ko ɗaya ba. Aikinta ya fi naka.

A tafkin ban sauka ba, don babu baranda a can. Ta kai ni bakin ruwa ta buɗe ƙofa, na jefa ƙugiya daga kan kujera. Ƙaramin kifi ɗaya na kama, ta mayar da shi.

Ka zo kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Da wannan gwiwar taka kai ma ba za ka iya hawa ba, amma barandar tana ɗaukar mutum biyu.

Yayanka, Orval