Hanyar Dawowa Ba Hanya Ba Ce?

Toledo, Ohio

Ƙanena Tolib,

Shekara da shekaru ina aiko maka da tambaya ɗaya, kai kuma sai ka aiko mini da busasshen inabi. Duk da haka ina gaishe ka. Ya ƙafar Inna? Ya 'yata Munisa da shirin biki?

Ni lafiya lau. Kwana a motar dakon kaya ta ɗanka Doniyor da nake tuƙawa ba wuya, in mutum ya saba da lanƙwashe ƙafa.

Ga tambayar kuma. Doniyor yana biyana ne kan kowane mil da na yi da kaya. In na sauke a Texas na juyo ba kaya, ko na kwana a gidan mai ina jiran kira, sadaka na yi. Da na yi masa magana, dariya ya yi ya ce, "Haba Baffa, iska ka ɗauko, ai sai iska ta biya ka." A gaban direbobinsa fa, yaron da ni na riƙe ranar kaciyarsa. Ni kuma, Tolib, sai na taya su dariya.

Ka gaya wa Munisa ba zan zo bikin ba, aiki ya yi yawa. Kada ta ji cewa uban amarya ba shi da kuɗin jirgi, balle na shinkafar safe da mazan unguwa za su ci.

Allah Ya ba Inna lafiya. Wannan karon ka riƙe inabinka. Kai ka haifi Doniyor, kai za ka amsa mini: hanyar dawowa ba hanya ba ce?

Yayanka,
Ergash